Yadda Na Fara Magana ta Tauraron Ɗan Adam Daga Wani Ƙauye a Ƙasar Gumel

Rediyon sha'awa wani fanni ne na sadarwa da dokar ƙasa da ƙasa ta ware wa masu son koyon aikin rediyo don ilimi da gwaji, ba don neman kuɗi ba. A cikin masu wannan harka akwai waɗanda ke aika muryarsu ta taurarin ɗan Adam, ko dai waɗanda 'yan'uwansu masu sha'awa suka ƙera da hannunsu, ko waɗanda aka ba su gurbi a ciki. Na farkon irin waɗannan taurari, OSCAR 1, an harba shi daga jihar Kalifoniya ta Amurka a watan Disamba na 1961, shekara huɗu kacal bayan tauraron Sputnik na Tarayyar Sobiyet, kuma aikinsa duka shi ne maimaita wata gaisuwa mai haruffa biyu da bugun Mos har batirinsa ya ƙare bayan kimanin mako uku. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare ta ƙauye a ƙasar Gumel, jihar Jigawa, kuma zan bayyana matakan da na bi har na yi magana ta waɗannan taurari, domin na tarar cewa wasu shawarwarin da ake ba sabon shiga an tsara su ne bisa yanayin Turai da Amurka, kuma a sararin samaniyarmu lissafin yakan sha bamban.

Takarda na fara nema kafin ƙarfe. Sauraro kowa na iya yi, amma danna maɓallin magana a zangunan rediyon sha'awa sai mai lasisin gwamnatin tarayya. Wani dattijo a Kano, wanda ya yi ritaya daga aikin injiniyan sadarwa kuma ya daɗe a harkar, shi ya ɗora ni a kan hanya, ya haɗa ni da ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya, NARS, wadda ke cikin ƙungiyar duniya ta IARU. Baba, kamar yadda nake kiransa, bai yarda na taɓa na'urarsa ba sai da ya tabbatar na haddace ƙa'idoji: ba a ciniki a kan iska, ba a sa kiɗa, ba a ɓoye ma'anar magana, kuma dole mutum ya riƙa faɗin lambar kiransa. Wannan lamba ita ce sunan mutum a duniyar rediyo, kuma farkonta ke nuna ƙasarsa. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G, ta Kamaru da TJ, ta Chadi da TT.

Da lasisi ya zo, ban fita fili ba sai da na je gaban dagaci. A yanayin tsaron da ake ciki, mutumin da aka gani a bayan gari da oba-oba a hannu, yana nuna wasu ƙarafa sama yana magana da Turanci, ya jawo wa kansa zargi, kuma jama'a ba su yi laifi ba idan sun zarge shi. Na ɗauki lasisin da na'urorin duka na shimfiɗa su a zaurensa, na yi bayani daki-daki. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Malam, abu ɗaya nake so in sani. Wannan abin naka yana jin maganar mutane a wayoyinsu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ya ji. Zangonsa daban ne, kuma duk abin da na faɗa a ciki, duk mai irin wannan na'ura yana iya ji, babu asiri." Sai ya haɗa ni da mai unguwa muka je wurin shugaban 'yan sintiri, daga nan muka wuce ofishin 'yan sanda na bar kwafin lasisin. Ina ganin wannan mataki wajibi ne ga duk wanda zai yi harkar a karkara, kuma amfaninsa ya wuce kare kai, domin daga ranar 'yan sintirin da kansu suke kora mini yara idan sun matso kusa da eriya.

Bayan haka sai koyon lokaci. Taurarin da ake fara koyo da su suna yawo ne ƙasa-ƙasa, tsakanin kilomita 400 zuwa 700 daga doron ƙasa, suna zagaya duniya cikin awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci, saboda haka kowannensu yakan fito daga wani gefe na sararin sama, ya hau, ya faɗi a ɗaya gefen cikin minti goma zuwa sha biyar. Na sa manhajar Look4Sat a wayata, wadda ke ɗauko bayanan falakin kowane tauraro daga intanet ta lissafa lokacin fitowarsa, da kusurwar da zai fito, da iyakar digirin da zai kai a sama. Abin da ya dace da ƙauye a tattare da ita shi ne, da zarar ta ɗauko bayanan ba ta ƙara buƙatar sabis, sai dai a sabunta su bayan 'yan kwanaki, abin da nakan yi idan na shiga Gumel. Masu rediyo suna rubuta komai da agogon UTC, wanda ya yi daidai da agogon GMT da muke ji a gidajen rediyon ƙetare, wato awa ɗaya baya da agogon Nijeriya da Nijar. Haka kuma sun yanka taswirar duniya gida-gida, kowane gida da haruffa biyu da lambobi biyu, kuma namu, wanda ya haɗa Gumel da Ringim da Kazaure, shi ne JK42.

Da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, na fara sauraro, domin tun watan Satumba na 2020 akwai na'ura a cikinta da ke karɓar murya a megahaz 145.990 ta maido da ita a 437.800, kuma siginarta tana da ƙarfi. Wani lokaci bayan magariba ana ganin tashar da ido, wani farin haske da ba ya ƙyaftawa yana ratsa sama da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, kuma ganinta ya taimaka mini wajen gane yadda lissafin manhaja ke zama hanya a sarari. Akan kashe na'urar idan 'yan sama jannati za su fita aiki a waje ko wani kumbo zai haɗu da tashar, don haka shiru daga ISS ba kullum ne laifin kayan mutum ba.

Eriyar roba da ke zuwa da oba-oba ba ta isa wannan aiki, dole a haɗa eriya mai tattara sigina wuri ɗaya, irin wadda malaman Japan biyu, Yagi da Uda, suka fito da ita a 1926. Kafintan garinmu ya fere mini katako mara nauyi, tsawonsa mita ɗaya da 'yan kai, da mariƙi a ƙarshe. A jikinsa na jera sanduna uku na zangon megahaz 145, kowace kusan mita ɗaya, ta baya ta fi tsawo, ta gaba ta fi gajarta, sannan na jera sanduna bakwai na zangon megahaz 435, kowace ta ɗara santimita 30 kaɗan, na gicciye su da na farko yadda jerin biyu ba za su dami juna ba. Yawancin sandunan daga tsohuwar eriyar talabijin na cire su, amma biyun da ake haɗa wa waya sai da na sayi sandar tagulla a wurin mai waldar gas, saboda alminiyon ba ya kama dalma. Wayar ma akwai magana a kanta. Wadda ta cika kasuwa ta talabijin ce, mai om 75, alhali rediyon sadarwa yana son mai om 50, kuma sai a Sabon Gari a Kano na sami irin RG-58. Na yanke ta gajeruwa gwargwadon iko, domin a megahaz 435 kowane ƙarin tsawo yana cinye wani kaso na siginar da dama can ba ta da yawa.

Wurin da aikin ya fi cin haƙuri shi ne daidaita tsawon sandunan tagullar. Baba ya ara mini wata ƙaramar na'urar awo, NanoVNA, wadda ke zana layi a fuskarta ta nuna zangon da eriya ta fi karɓa. Na kafa eriyar a kan turmi a tsakar gida tana kallon sama, nesa da kwanon rufi, ina goge bakin sandar da magagari kaɗan-kaɗan, ina komawa ina duba layin, ina kallon kwarinsa yana matsowa daga megahaz 141 zuwa 143, har ya zauna kusa da 146. A kan ƙananan sandunan, milimita biyu ko uku sun isa su kawar da kwarin daga inda ake so, kuma abin da aka goge ba ya dawowa, shi ya sa ake yanke su da ɗan rara tun farko.

Daga nan sai shirya rediyo. Tauraron da na sa a gaba shi ne SO-50, wanda Saudiyya ta ƙera aka harba daga tashar Baikonur da ke Kazakistan a watan Disamba na 2002, kuma ya shafe sama da shekara ashirin yana aiki. Yana sauraro a megahaz 145.850, yana magana a 436.795 da ƙarfin da bai wuce rubu'in wat ɗaya ba. Sai dai mai sauraro a ƙasa ba ya samunsa a wannan lamba sai a tsakiyar wucewarsa, saboda abin da masanin nan na Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a 1842. Duk wanda ya tsaya a bakin titin Maigatari ranar Alhamis ya ji yadda hon ɗin babbar mota ke yin siriri idan tana tahowa, ya yi kauri da zarar ta wuce. Haka siginar tauraro take, tana hawa da kimanin kilohaz goma idan yana tahowa, tana sauka da kimanin haka idan yana tafiya. Saboda haka na adana tashoshi biyar a jere, daga 436.805 zuwa 436.785, tazarar kilohaz biyar-biyar, yadda zan riƙa saukowa da yatsa ɗaya idan murya ta fara shaƙewa. A zangon aikawa sauyin bai kai kilohaz huɗu ba, ba a damuwa da shi. Tauraron ba ya buɗe wa kowa sai wanda ya haɗa muryarsa da wani sauti na ƙasa-ƙasa mai haz 67, kuma akwai wani sautin na daban, mai haz 74.4, wanda ake aikawa na daƙiƙa biyu don a tashe shi ya yi aiki na minti goma.

Na yi amfani da oba-oba biyu, ɗaya ta magana ɗaya ta sauraro, domin wanda ba ya jin muryarsa tana dawowa ba shi da hanyar sanin ko ya shiga tauraron, ko kuwa yana taka maganar wani ne. Nan wata matsala ta lissafi ta ɓullo. Ninki uku na 145.850 shi ne 437.550, wanda ke dab da zangon sauraro, kuma ƙananan rediyo masu araha sukan fitar da ɗan wannan ninki, sai ta sauraron ta kurumce duk lokacin da aka danna ta magana. Wata 'yar matata da Baba ya haɗa da naɗin waya da kafasito, aka sa ta a bakin rediyon magana, ita ta kawar da wannan.

Shawarar da ake ba sabon shiga ita ce ya jira wucewar da tauraro zai hau sosai, digiri 60 ko fiye, domin a lokacin ya fi kusa kuma siginarsa ta fi ƙarfi. Na bi ta, kuma ta yi amfani ta fuska ɗaya. SO-50 ya taso daga kudu, ta saman tekun Gini, shiru kamar babu shi, domin babu wanda ya tashe shi a hanya. Na aika sautin tashi, na faɗi lambata, sai na ji muryata ta dawo cikin iyafis tsaf, ta hau sama da kilomita 600 ta sauko. Na yi kira har ya kusa faɗuwa, babu amsa, kuma haka aka yi ta yi a duk wucewar da ya ratsa ta tsakiyar samanmu. Dalilin yana cikin taswira. Tauraron yana ganin da'ira mai faɗin kusan kilomita 2,700 ta kowane gefe, kuma idan yana kanmu, abin da ke cikin da'irar shi ne Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Gana da rairayin Sahara, inda masu wannan harka ƙalilan ne ƙwarai. Mutane biyu ba za su yi magana ba sai dukansu suna cikin da'irar a lokaci guda. Kudancin Sifaniya yana nesa da mu da kimanin kilomita 3,000, tsibirin Sisili na Italiya ya ɗan fi haka kusa, saboda haka lokacin da za mu haɗu da su shi ne sa'ad da tauraron yake saman kudancin Aljeriya, arewa da garin Tamanrasset, inda mu muke ganinsa ƙasa-ƙasa ta arewa, kimanin digiri 15, su kuma suke ganinsa ƙasa-ƙasa ta kudu. Wannan dama ba ta wuce 'yan mintoci, kuma ita ce ainihin lokacin aiki ga mai zama a ƙasar Hausa.

Da na gane haka sai na canza wurin tsayawa, domin a digiri 15 katanga da bishiyar darbejiya ma suna tare sigina. Na jira kaka ta wuce aka girbe gero da dawa, sannan na zaɓi wani tudun yashi a arewacin gari inda ido ke kaiwa har ƙarshen fili. Wata ranar Asabar bayan la'asar na fita da ƙanena, shi yana riƙe da waya yana karanto mini kusurwa, ni ina riƙe da eriya a dama, rediyon magana a hagu, ta sauraro a rataye a wuya tare da rikoda. Tauraron ya taso daga kudu, na tashe shi, ya hau, ya fara gangarawa arewa. Ƙanena yana cewa, "Yaya, digiri talatin. Yaya, ashirin da biyar, ka ɗan karkata yamma." Na sauko tasha ta huɗu. Siginar ta dushe, na murɗa wuyan hannuna eriyar ta kwanta a gefe, sai ta dawo, domin tauraron yana juyawa a sama kuma dole a riƙa bin kwanciyar eriyarsa. A digiri goma sha takwas shirun ya tsage, muryoyi suka fara shigowa gutsure-gutsure. Na jira wata 'yar tazara na faɗi lambata da Turanci, da haruffan da masu rediyo ke amfani da su, na ƙara da gidanmu na taswira, "Juliyet, Kilo, huɗu, biyu." Wata murya mai lamba da ta fara da EA7 ta maimaita lambata daidai, ta ba ni gidanta, IM76, wato yankin Malaga. Na maimaita, na ce 73, wadda ita ce sallamar masu rediyo. Duka maganar ba ta kai daƙiƙa ashirin ba, kuma kafin in sauke numfashi wasu mutum uku suna kiran lambata a tare. Na samu na amsa wa ɗaya daga Italiya kafin tauraron ya nutse.

Gajartar maganar tana da dalili. Tauraro irin SO-50 mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, kuma a tsarin FM mai ƙarfi ne ke danne mara ƙarfi, don haka wanda ya tsaya dogon bayani ko ya ƙara wuta fiye da kima ya tauye haƙƙin mutane da yawa. Wat biyar da eriya mai kyau sun wadatar. Abin da ya sa suke rububin kirana kuwa shi ne, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, tana ba da shaidar yabo ga wanda ya tabbatar da magana da gidaje 100 na taswira ta tauraro, kuma gida irin JK42 ba kasafai ake jinsa ba. Wannan ya ɗora mini nauyi, domin maganar da ba a tabbatar ba ba ta da amfani gare su. Da na koma gida nakan saurari rikoda, in rubuta lamba da gida da lokaci da agogon UTC, in na shiga gari in ɗora su a rajistar intanet ta Logbook of the World, inda ake gwada bayanina da na ɗaya ɓangaren, idan sun dace a tabbatar.

Bayan na saba da wannan sai na juya ga wani tauraro na daban, QO-100. Shi gurbi ne a cikin tauraron sadarwa na ƙasar Katar, Es'hail-2, wanda aka harba a watan Nuwamba na 2018 aka buɗe wa masu sha'awa a watan Fabrairu na 2019, da haɗin gwiwar ƙungiyar masu rediyo ta Katar da AMSAT ta Jamus, ƙungiyar masu harkar taurarin rediyon sha'awa. Yana nesa da kusan kilomita 36,000, a digiri 25.9 gabas, yana zagayawa daidai da juyawar duniya, don haka a wurinmu tsaye yake dare da rana, kuma yana ganin duniya daga gabashin Barazil har Tailan. Saurarensa ya zo da sauƙin da ban zata ba, domin kayan kallon satilayit na gida ne ke yinsa. Yana sauko da murya tsakanin megahaz 10,489.5 da 10,490, kan dish na yau da kullum, wato LNB, yana rage 9,750 daga ciki, sai abin ya dawo tsakanin 739.5 da 740, inda ƙaramar na'urar RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta ke iya kamawa. Na kira wani matashi mai kafa dish a Gumel, da na ce masa digiri 26 gabas sai ya ce, "Ai Malam wajen Arabsat ke nan," ya juya farantin kudu maso gabas, dama da alƙibla sosai. Daga nan tauraron yana sama da kimanin digiri 66, ya fi yadda mutanen Turai ke ganinsa tsayi nesa ba kusa ba, kuma babu gini ko bishiyar da ke shiga tsakani.

Abin da ya ba ni aiki shi ne zafi. An ƙera LNB ne don talabijin, inda kaucewar kilohaz ɗari ba komai ba ce, alhali muryar SSB, tsarin da ake magana da shi a wannan tauraro, faɗinta duka bai kai kilohaz uku ba. Da safe nakan daidaita murya ta fito sarai, rana na ɗagawa a bazara sai ta zame ta koma ƙiƙi-ƙiƙi, ko gajimare ya gifta sai ta motsa. Maganin yana cikin tauraron kansa, domin yana da fitilun sigina, wato wasu siginonin alama da yake fitarwa kullum, da ba sa motsi, ɗaya a kowane gefe, ɗaya a tsakiya a 10,489.750, kuma manhajar SDR Console tana iya kama ta tsakiyar ta riƙa gyara duk wata kaucewa da kanta. Na ƙara da yi wa LNB ɗin 'yar rumfa da farar roba. Hazon hunturu bai taɓa hana ni ji ba, amma ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta yakan rage siginar har sai hadarin ya wuce.

Aikawa ita ce mai tsada, kuma sai da na yi tanadi kafin na kai gare ta. Ana aikawa a megahaz 2,400, kusa da zangon Wi-Fi. Na yi amfani da na'urar ADALM-Pluto, wadda ke fitar da sigina 'yar mitsitsiya, na bi ta da amfilifaya biyu har ta kai 'yan wat kaɗan, sannan na naɗa wayar tagulla mai kauri zagaye-zagaye na kafa ta a gaban LNB, domin tauraron yana son sigina mai murɗawa. Duka kayan suna ci daga batir mai bolt 12 da farantin sola ke cikawa. Na kafa dish ɗin a kan soro na kuma hana yara hawa, saboda ba a tsayawa gaban faranti yana aikawa. Ƙa'idar wurin ita ce kada siginar mutum ta fi fitilun tauraron ƙarfi, kuma akwai na'urar da ke sa wa mai wuce iyaka jiniya kowa ya ji, haka kuma ba a yarda da FM ba sam. Da na fara gwaji muryata ta dawo bayan kimanin rubu'in daƙiƙa, jinkirin tafiyar kilomita sama da 70,000, wanda ke rikita harshe har sai an rage ƙarar iyafis.

A nan babu gaggawa, mutane da yawa suna magana a lokaci guda kowa a layinsa. Na yi hira da mutanen Jamus da Indiya da Afirka ta Kudu da Barazil, kuma wani daga Oman da ya ji inda nake ya yi mini sallama, muka ƙarasa da ɗan Larabcin da na samu a makarantar Islamiyya, yana tambayata noman gero da watan da damina ke sauka. A wannan tauraro ne na fara jin lambobin Afirka ta Yamma jefi-jefi, kuma ta nan nake shirya haɗuwa a kan ƙananan taurari, in gaya wa mutum rana da minti da zan fita tudu. Duk da haka ban daina fita da eriyar katako ba, domin ita ce ɗalibi zai iya haɗawa da kuɗin da bai fi ƙarfin gidansu ba, kuma ita ke koya wa hannu da kunne aikin.

Wucewar da tauraro ke ratsa tsakiyar samanmu, wadda ta fi kowace kyau, har yanzu yawancinta a banza take tafiya. Na roƙi Baba ya riƙa fitowa tsakar gidansa a Kano idan lokacin ya dace da safiyar Asabar, kuma yana fitowa, muna gaisawa ta SO-50 ko ta ISS mu bar tazara ko wani zai shigo daga Legas ko Akara. Ɗalibaina biyu na ajin ƙarshe sun haɗa tasu eriyar ta sauraro, suna tsayawa a filin makaranta suna rubuta lambobin da suka ji da lokacin da suka ji su, ina gwadawa da rikodata ranar Litinin. Na kai su gaban dagaci tare da iyayensu, kuma da zarar sun gama jarrabawar fita za mu shiga Kano wurin Baba su fara karatun ƙa'idoji don neman lasisinsu.